Kilishin Inna a gadar Ambasada

Shekara shida ina jan tirela tsakanin Kanada da Ditroit ta Amurka, boda ba ta taɓa sa ni ƙwalla ba sai watan jiya. Wani ɗan garinmu da ke Toronto ya dawo daga Daura, Inna ta ba shi saƙona: kilishi, an naɗe a takarda, an ɗaure da leda har uku. Na cusa shi bayan kujera, na ce sai na isa masauki na dafa shayi.

Gadar Ambasada tun 1929 take tsaye a kan kogin Ditroit, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kayan cinikin ƙasashen biyu ta kanta suke bi. Gadar ce tsohuwa, abin da ke gindinta kuwa na zamani ne. Awa guda kafin ka iso, kamfaninka ya riga ya tura takardun kaya ta intanet. Kana saukowa za ka ratsa tsakanin wasu dogayen turaku masu ruwan ɗorawa, aikinsu shinshino sinadarin nukiliya. Kyamara ta karanta lambar mota. Ɗakin jami'in an ɗaga shi daidai tagar tirela, ba ka sauka ba, bai fito ba, sunanka da nauyin kayanka suna gabansa kafin ka yi sallama. Ya tambaya ko akwai abinci a motar. Na ce akwai nama.

Aka tura ni gefe. Na'urar haska kaya ta bi tirelar daga kai har wutsiya, ba a kwance ko igiya ɗaya ba. Wata jami'a mai safar hannu ta warware ledojin Inna ɗaya bayan ɗaya, ƙamshin ƙuli da yaji ya cika wurin. Ta ce nama daga ƙasashenmu ba ya shiga saboda cututtukan dabbobi, kuma tunda na faɗa da bakina babu tara. Ta jefa shi a kwandon da ake ƙonewa. Abin kunyar, sai na tsinci hannuna a aljihu yana laluben na goro. Wanda ya saba, ya saba. Minti arba'in aka sallame ni, na hau babbar hanya, har na sauke kaya babu wanda ya sake ɗaga mini hannu.

Wannan na ƙarshen shi ya tsaya mini a rai, ba na'urorin ba. Bincike wuri ɗaya, sau ɗaya. Kun san hanyar Kwangwalam, kun san ta Jibiya, mashiganmu na iyaka da Nijar, ba sai na ƙirga muku itace da ganga ba. Zuwana na ƙarshe, buhun gero biyu kawai ke bayan motarmu, amma sai da na gaji da cewa "ranka ya daɗe". A 2021 Amurka ta ware dala biliyan 3.4 don sabunta mashigai 26 na kan tudu. Mu kuma abin da muka iya shi ne rufewa: an garƙame iyakokin Najeriya a Agustan 2019, Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, juyin mulkin Nijar na 2023 ya zo aka sake datsewa har Maris na 2024. Shinkafar waje ta daina shigowa? Ɓarauniyar hanya ce ta yi kasuwa, mai gaskiya ya kwana da yunwa. An gina wa Seme ofishin haɗin gwiwa da Benin tun 2018. Ga titin jirgin Kano zuwa Maraɗi zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, ina dalilin da za a ce kayansa ma sai an zazzage a rana ana caka wa buhu ƙarfe?

Ban ce tsarinsu ba shi da aibi ba. Ba shi da ido, ba shi da kunya. Da a gida ne, ina cewa "saƙon tsohuwa ne", wani zai ce Allah ya kiyaye hanya, ƙila ma ya gutsuri kaɗan. Duk da haka a ba ni na'urar.

Sai dai ina rubuta wannan ina tuna Gwaggo da ke aure a Matamaye ta Nijar. Ba ta da fasfo, ba ta san ranar haihuwarta ba, kuma babu suna ko biki da ya taɓa wuce ta a gidanmu. Ita a wurinta Daura da Damagaram tsakar gida ɗaya ce, Turawa ne suka zo suka ja layi. Idan aka kafa turakun nan da na'urar ɗaukar yatsa a Kwangwalam, wa zai yi wa kwamfuta bayanin ƙwaryar furar da ke kanta?

Da daddare Inna ta kira, ta tambaya ko saƙo ya iso. Na ce ya iso, Inna. Ta ce yajin bai yi yawa ba ko? Na ce daidai ne.