Ango rowa

Tun ranar Asabar ban fita da rana ba. Waɗanda suka je dinar nan ta Pantami sun san dalili, waɗanda ba su je ba kuwa na san an turo musu bidiyon, don haka gara ku ji daga bakina.

Waƙar bikin mutumina ce, na naɗa a ɗan situdiyona na Jekadafari, bugu 120 a minti. Matsalarta ɗaya, kik da bas, wato bugun babbar ganga da kiɗan nan mai kaurin murya. Su biyun a ƙasa suke zaune, tsakanin Hz 50 da 100, kamar kishiyoyi a ɗaki guda: in suka buɗe baki tare ba ka jin kowa sai gurnani. Maganin shi ne saidicen. Ka ɗora kwamfiresa, abin da ke danne ƙarfin sauti, a kan bas, amma kik zai riƙa saurara. Kik ya buga, bas ya durƙusa. Kik ya wuce, bas ya miƙe. Na buɗe FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, na sa kwamfiresanta Fruity Limiter a layi na 7 inda bas yake, na tura masa kik, na kashe muryoyi don in ji su biyun kaɗai. Da gangan na cika masa hannu don kunnena ya kama aikin: reshiyo, wato ƙarfin dannewa, 10 da 1; tireshol, inda dannewar ke farawa, can ƙasa; atak, jinkirin kafin ya danne, kusan sifili; rilis, lokacin da yake ɗauka kafin ya saki, milisakan 250. Niyyata in dawo da shi 4 da 1, rilis wajen 100. Sai aka ɗauke wuta, janareta ba mai, batirin laftof na numfashin ƙarshe. Na maido da muryoyi, na fitar da waƙa, na zuba a filashi. Ban saurara ba. E, na sani, kada wanda ya sake faɗa mini.

Ashe yaron shagona tun ranar Laraba ya bi da muryar mawaƙin ta wannan layi na 7. Har yau bai faɗi dalili ba, sai sosa ƙeya.

To ku yi lissafi. Bugu 120 a minti, tsakanin kik da kik milisakan 500 ke nan, ni kuma na ce a danne 250. Rabin kowane bugu mawaƙi yana cikin rijiya. Amshin waƙar kuwa cewa yake: ango ba rowa, ango ba ƙarya. Wannan "ba" ɗin, Allah da ikonsa, daram a kan kik ta faɗa.

Aka ce ango da amarya su fito fili. Ina tsaye kusa da lasifika cikin sabuwar shaddata, na harɗe hannu, don tun a ƙofa na gaya wa mutum ya fi goma cewa ni na yi waƙar. Kiɗa ya tashi. Wallahi bas ɗin ya zauna, kik na dukan ƙirji tsaf, har na gyaɗa kai na kalli na kusa da ni. Sai murya ta shigo.

"Ango... rowa! Ango... ƙarya!"

Na ce ko kunnena ne. Ya sake zagayowa, tar, ta lasifika huɗu. Ƙawayen amarya suka fara kallon juna. Wata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ango ya ɗaga hannu zai yi liƙi, 'yan ɗari biyar sababbi, sai hannun ya tsaya a sama, ya rasa ko ya zuba ko ya mayar aljihu. Da ya mayar ai waƙa ta yi gaskiya. Sai ya zuba duka lokaci guda. Ba a gama da wannan ba baiti ya iso inda aka ce "amarya ta Hajiya", kik ya cinye farkon kalmomin, zaure duka ya ji "marya ta jiya". Uwar amarya ta ajiye cokali. Ni dai ina nan tsaye, hannuna a harɗe, na kasa warwarewa, gumi na bin bayana.

Amma wanda ba zan yafe wa da wuri ba shi ne DJ. Kun san shi. Mutumin da ya ari wayar makirufo ɗina guda biyu tun ƙaramar salla, in na tambaya ya ce suna mota. Maimakon ya sauya waƙa, sai ya ja ta baya, ya sake sako amshin. Sau uku. Sannan ya ɗauki makirufo, da wayata fa, na gane jan salatif ɗin da na naɗa mata, ya ce, "A tafa wa injiniya, ga shi can mai ruwan toka!" Aka juyo. Aka tafa. Daga baya ya zo yana dafa kafaɗata wai, "Oga, da get ka sa." Get! Shi get kamar ƙofa yake ga sauti, in ka ba shi kik, buɗewa yake lokacin da kik ya buga, ya rufe bayansa. A kan bas yana da amfani, yana yanke masa jela su tashi tare su sauka tare. A kan muryar nan kuwa da "ba" kaɗai za ta tsira, a wuni ana jin ba, ba, ba kamar an shiga kasuwar tumaki. Mutumin da bai san bambancin get da kwamfiresa ba shi ke ba ni shawara, kuma jama'a na gyaɗa masa kai.

A bakin ƙofa goggon ango ta tare ni. "Kai ɗan nan, me ya yi maka? Ba tare kuka tashi ba?" Na ce, "Goggo, ku yi haƙuri, na'ura ce, rilis ne ya yi tsawo." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Na'urar ce ta san bai biya kuɗin ɗinkina ba?" Ashe ita ta yarda da waƙar.

Ranar Lahadi da aka kawo wuta na cire muryar daga layi na 7, na sassauta reshiyo, minti biyu bai cika ba. Na tura wa ango gyararriyar. Ya buɗe, bai ce komai ba. Yaran unguwarsu kuma tsohuwar suke rerawa in ya fito da mota. Wayoyina dai har yanzu suna mota.