Ya san kuɗin Osimhen, bai iya karanta takardarsa ba

Wannan rubutu yana da tsawo, mai sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Daren da labari ya tabbata cewa Galatasaray ta sayi Victor Osimhen gaba ɗaya daga hannun Napoli, a daminar 2025, ina zaune a bencin baya na gidan kallon ƙwallon garinmu, nan ƙasar Ringim. Ba a ma shiga kakar wasa ba a lokacin, amma samarinmu sun riga sun saba, ko ba wasa sai sun taru a rumfar nan bayan sallar isha'i. Wasu sun kawo caji, wasu musu kawai ya kawo su. Inji yana ta ƙara a bayan zana, ga sauro, ga warin fetur, amma ba mai niyyar tashi.

Musu ya kaure. 'Yan Chelsea suna cewa yaron ya yi wa kansa, ɗan wasa irin wannan ina shi ina Turkiyya, Firimiya ce ta dace da shi. 'Yan Manchester, da yake mun daɗe muna fama da rashin mai zura ƙwallo, muna ta cizon yatsa. Wani ɗan Madrid ya ce dukanmu hassada ce ke damunmu, mutumin da ya ci wa Napoli kofin da rabonta da shi tun 1990, ya zura ƙwallo 26 a kakar da suka ci kofin, ya je Turkiyya aro ya sake ɗaukar kofi, me ya rage ya nuna wa wani? Ni dai ra'ayina, tunda an zo wurin, Osimhen bai yi kuskure ba. Inda ake son ka, ake biyan ka, ake rera sunanka a filin wasa, ya fi inda za a zaunar da kai a benci jaridun Ingila suna yi maka ba'a duk mako. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki waya ba.

Ana cikin haka sai wani dattijo mai sayar da rake a bakin rumfar ya ce, wai yuro miliyan 75 ɗin nan da kuke ta faɗa, nawa ke nan a kuɗinmu? Kowa ya yi tsit, aka fara laluben waya. Kafin a buɗe kalkuleta, sai ɗan wana, yaro ɗan shekara goma sha shida, ya ce, “In an sa yuro a dubu da ɗari bakwai da hamsin, biliyan 131 ne da 'yan kai.” Aka duba, haka ɗin ne. Na ce masa yaya ka yi? Ya ce, “Baffa, ai sauƙi gare shi. Na ɗauka miliyan ɗari ne, sai na cire kwata.”

Kwana huɗu bayan nan yaron nan ya yi sallama a zaurena da wata takarda a waya, wani ya turo masa. Ya ce, “Baffa, don Allah karanta min wannan.”

Yaron yana aji biyu na babbar sakandire. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana sa yunifom. Takardar shafi ɗaya ce, Turancinta ma ba mai wuya ba ne. Wani ne da ke kiran kansa wakilin 'yan wasa, wai ya ga bidiyon yaron yana taka leda a gasar unguwanni da muke yi bayan girbi, wai zai fitar da shi waje gwaji, a tura kuɗin fom da na biza. Na ce ya fara karantawa da kansa in ji. Ya kai layi na biyu ya tsaya, yana bin harufa da yatsa. Na ba shi wani labari da Hausa, nan ma da ƙyar, kamar mai tafiya cikin taɓo. Wanda ya san cewa Neymar ya bar Barcelona zuwa PSG a 2017 kan yuro miliyan 222, ya san Mbappe ya tafi Madrid a 2024 ba a biya ko sisi ba saboda kwantiraginsa ya ƙare, ya san bambancin aro da saye, shi ne ya kasa karanta takardar da za a yi amfani da ita a raba ubansa da tumaki biyu.

Da ya iya karatu, da ya bincika da kansa ya ga dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai a wasu 'yan sharuɗɗa da ko kusa ba su shafe shi ba. Osimhen ɗin ma da suke koyi da shi ba ta waya aka kira shi ba. Daga wata makarantar horar da 'yan ƙwallo a Legas ya fito, ya je gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015 ya zura ƙwallo goma, sannan Wolfsburg ta Jamus ta ɗauke shi. Ahmed Musa kuwa a Kano Pillars ya zura ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya tafi Holan a 2010, daga nan Moscow, daga nan Leicester. Kowanne akwai ƙungiya mai rajista a bayansa, akwai takarda da aka karanta kafin a sa hannu. Har wani tsari FIFA take da shi, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi biyar cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tun daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar garinmu ko littafin sunaye ba ta da shi. Ko da yaronmu zai zama wani abu gobe, ba mu da abin da za mu nuna mu ce namu ne.

Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da alli a firamare, kuma abin da na fi ji daga bakinmu mu malamai shi ne yaran yanzu daƙiƙai ne, ƙwallo da waya sun cinye musu kai. Ni ma na sha faɗa. Yau na janye. Kan da ya haddace 'yan wasan Arsenal goma sha ɗaya da na benci da ƙasashensu da lambar rigarsu, ba za a ce masa toshasshe ba. Ku je gidan kallo ku ga allon da ake rubuta wasannin mako. Yaro ne yake rubuta shi, sunayen ƙungiyoyi daidai, lokaci daidai, ba gyara. Don me? Don in ya yi kuskure a take za a yi masa caa. A aji kuwa sai ya shekara yana rubuta sunansa ba daidai ba, ba wanda ya duba littafin. Gidan kallo ba ya fashi, mai shi ba ya cewa yau ya tafi sakatariya bin albashi. Ƙarfe biyar da rabi aka ce, ƙarfe biyar da rabi za a tayar da inji.

Abin da ya ƙara tsaya min a rai shi ne wata tafiya da na yi kudu da rani. Ƙanena yana harkar wake, yana saye a kasuwar Gujungu ranar Lahadi yana kaiwa Ibadan, ni kuma lokacin muna hutu, na ce bari in bi shi in ga duniya. A gaban tirela muka tafi, ta Kaduna, ta Mokwa, muka haye gadar Jebba da asuba, hazo ya rufe kogin Kwara ba ka ganin komai sai fitilun masunta. Daga Ilori zuwa Ogbomosho zuwa Oyo na ji jiki, ƙugu na kamar ba nawa ba. Garin Ibadan kansa bai burge ni da kyau ba, gaskiya, tsofaffin kwanukan rufi ne masu tsatsa iya ganinka, ga cunkoso, ga abinci duk barkono. A Sabo muka sauka wurin 'yan uwanmu Hausawa, can na samu tuwo na dawo hayyacina.

Amma a kasuwar Bodija na ga abin da har yau nake tunawa. Kusa da inda muke sauke buhuna akwai wata mata mai sayar da tattasai da manja. Wajen ƙarfe uku sai ga 'yarta ta dawo daga makaranta, ba za ta wuce aji uku ba. Kafin ta ba ta abinci sai da ta karɓi jaka, ta zaro littafi, ta buɗe shafin ranar, tana auna wa mai saye kaya da hannu ɗaya tana nuna wa yarinyar wani wuri da ɗayan. Ba na jin Yarbanci, amma faɗa ba ya buƙatar tafinta. Yarinyar ta zauna a kan wani juyayyen bokiti ta gyara aikin, sannan aka zuba mata abinci. Kwana uku muka yi, kwana ukun haka na gani. Matar nan ba ta fi matan garinmu kuɗi ba, ban ma tabbata ta fi su karatu ba. Abin da ta sani shi ne kullum sai ta buɗe littafin.

Ba zan ce duk kudu haka take ba, na ga 'yan talla a can ma lokacin makaranta. Kuma an riga mu farawa, wannan ba a musu. Awolowo ya fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma tun 1955, mu sai a 1976 shirin UPE na ilimin firamare kyauta a ƙasa baki ɗaya ya iso ƙauyukanmu, wato kakar yarinyar nan wataƙila ta zauna a aji, tamu kuwa ba ta taɓa ganin ƙofarsa ba. To amma har yaushe za mu riƙa fakewa da wannan? Mu ma an taɓa yin abin kirki a nan. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, lokacin Jigawa tana cikin Kano, 'ya'yan talakawa daga ƙauyuka irin namu aka ɗiba aka kai, kuma da yawa daga likitoci da injiniyoyin da muke alfahari da su yau can suka fito. Ba wani sihiri aka yi ba, an tace malamai, an ciyar da yara, an sa ido.

Yanzu me muke da shi? Aji ɗaya yara sun haura ɗari, rabi a ƙasa. Damina ta faɗi, aji ya koma gona har sai an gama noman biyu. Ranar kasuwa ba a maganar makaranta. Yaro ya gama aji shida bai iya haɗa baƙi ba, a tura shi gaba, don in aka ce ya maimaita uban zai zo har ofis yana cewa an tsani ɗansa. A sakandire a tura shi gaba. Ranar jarrabawar fita a haɗa kuɗi a rubuta musu amsa a allo, kowa ya sani, kowa ya kau da kai, sakamako ya fito da kiredit bakwai a yi walima. Sai an je JAMB, inda kwamfuta ce a gabanka ba malamin garinku ba, asiri ya tonu. A ta 2025 sama da mutum miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai maki 200 cikin 400 ba, a faɗin ƙasa ke nan.

Mu malamai ma kar mu wanke kanmu. Laifi tudu ne. Lokacin da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu a 2017, sama da 21,000 suka kasa kai makin da aka sa, mun yi ta zage-zage a nan muna cewa an ci mutuncin malamai. A zuciyata kuwa tsoro ne ya kama ni, don na san in an kawo takardar nan makarantarmu akwai waɗanda za su kamu da zazzaɓi a ranar. Wasu an ba su aikin ne don sun yi wa wani yaƙin zaɓe. Masu ƙoƙarin kuma albashin ba ya kai su tsakiyar wata, dole su haɗa da acaɓa ko kiwo. Dokar ilimi ta UBE ta 2004 ta ce shekara tara na farko na makaranta kyauta ne kuma dole. Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Duk na yi murna da su, ana gina azuzuwa ana fenti, madalla. Sai dai ban taɓa ganin jami'in da ya zo duba makaranta ya kira yaro ɗaya ya ce karanta min wannan layin ba. Rajista ake dubawa, a sha lemo, a sa hannu, a shiga mota.

Iyaye kuwa, ku yi haƙuri, sai na taɓa ku. Na san magidanta a garin nan da za su ba ka tarihin Ronaldo tun daga Sporting har Al-Nassr, amma ka tambaye su ajin da ɗansu yake sai sun leƙa cikin gida sun tambayi uwar. Wana da kansa, uban yaron nan, da na je masa da maganar, cewa ya yi, “To Malam, ai ku muka ba wa su.” Na ce Yaya, awa biyar yake yi a hannunmu in ma ya zo, sauran fa? Ko ba ka iya boko ba, ka iya gane littafin da aka yi rubutu a ciki da wanda yake fari fat. Bai ji daɗi ba, sai da muka yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Masu cewa a rufe gidajen kallo, ban goyi bayanku ba. In an rufe, yaran ba aji za su nufa ba, bayan gari za su nufa, kuma kun san abin da ake sha a can.

Ɗan wan nawa dai ba a tura kuɗin ba, tumakin suna nan. Yanzu bayan magariba yana zuwa zaurena, in buɗe masa labarin wasanni na BBC Hausa a waya, ya karanta min da ƙarfi, ni kuma in yi kamar idona ne ba ya gani. Da farko kunya yake ji, sai ya tabbata ba kowa a waje. Jiya ya kai layi na bakwai kafin kalmar “yarjejeniya” ta tsayar da shi, ya yi ta juya ta har ya kama. Ranar Asabar akwai wasan Manchester, na ce masa in ya gama shafin gaba ɗaya ba tare da na sa baki ba, ni zan biya masa kuɗin shiga.