Bayan an kwashe kujerun makoki

'Yan'uwa cikin Ubangiji, salama gare ku.

Makon jiya na leƙa wata uwa a ikilisiyarmu, wadda maigidanta ya rasu wata biyu ke nan. Lokacin rasuwar gidan ba masaka tsinke. Zumuntar Mata sun zo da ankonsu, matasa sun kafa rumfa, an jera kujerun haya har bakin titi. An yi waƙa, an yi wa'azi, kowa ya ce Allah ya ba da haƙuri. Yanzu kuwa sai da na yi sallama sau uku kafin ta amsa. Na same ta zaune bakin gado, takalman marigayin suna nan a ƙofar ɗaki inda ya saba cire su. Ta ce mini, "'Yata, har yau kofi biyu nake ɗaukowa da safe, sai na fara zuba shayi nake tunawa." Sannan ta sunkuyar da kai kamar mai laifi, ta ce tana tsoron kada kukan nan nata ya zama rashin bangaskiya.

Maganar nan ta hana ni barci. Wa ya koya mana cewa mai bi ba ya kuka?

Ku buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya ne, mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, wuta ta sauko daga sama a gaban idonsa. Saƙo ɗaya na barazanar kisa daga Yezebel, matar Sarki Ahab, ya sa ya ranta a na kare. Da ya kai Biyer-sheba ya bar baransa a can, ya nausa jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace ya ce wa Allah ya isa haka, a ɗauki ransa. Annabi fa! Da a cikinmu yake, da tuni wani ya ce masa bangaskiyarsa ta yi sanyi, sai ya shiga azumi.

To, me Allah ya yi masa? Bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, sai ga gurasa da ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta. Aka sake tashinsa, aka sake ba shi. Sai bayan tafiyar kwana 40, a kogon Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya kuma saurare shi yana maimaita kukansa har sau biyu: ni kaɗai na rage. Iska mai ƙarfi ta wuce, ƙasa ta girgiza, wuta ta zo, Ubangiji ba ya cikinsu. A cikin wata 'yar siririyar murya ya zo. Ya ce masa akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi wurin Elisha, wanda ya zama abokin tafiyarsa.

Ke da kike kwana kina juyi, kai da aiki ya kai ka garin da ba ka san kowa ba, kana ta latsa waya har asuba, ba sai ka wanke fuska kafin ka zo gaban Allah ba. Zabura 88 addu'a ce da ta ƙare a cikin duhu, amma ba a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba. Yesu ya san zai ta da abokinsa Li'azaru daga matattu, duk da haka ya yi kuka (Yahaya 11:35). A Getsamani ya roƙi Bitrus da 'ya'yan Zabadi biyu su zauna a faɗake tare da shi, ya dawo ya tarar suna barci. Wanda kake kira ya san ɗacin dare. Idan baki ya kasa, ka ce "Ya Ubangiji, ga ni," ya wadatar. Ka kuma ci abinci.

Mu kuma da muke da ƙafa, gaskiya ce Allah yana tare da gwauruwa, amma maganar ta fi shiga idan a kan tabarmarta aka faɗe ta. Rubuta "Amin" a Facebook ba ziyara ba ce. Abokan Ayuba sun zauna da shi a ƙasa kwana 7 ba wanda ya ce uffan, kuma sai da suka buɗe baki suka ɓata rawarsu da tsalle. Ba sai kin haddace aya ba, ki je kawai.

Jiya da sassafe na koma da ƙosai mai zafi a leda. Ta ɗora ruwa, ta ɗauko kofi biyu kamar kullum, sai ta yi turus tana kallonsu. Na ce, "Mama, zuba mini a nan."