Wanda ya koyar kuma ya karɓi kuɗi bai kamata ya zama alƙalin jarabawa ba

Tun ƙarshen 2024 da hukumar ASQA, mai sa ido kan koyar da sana'o'i a Ostireliya, ta shiga soke takardun shaidar dubban mutane, nake jin masu sharhi suna ta yaba mata, wai ta nuna ba sani ba sabo. Ni ban ga abin tafi ba. Takardun nan na masu renon yara ne, da masu jinyar tsofaffi, da masu bayar da taimakon gaggawa. Kafin a farga, mutanen sun riga sun kama aiki, an damƙa musu jarirai da marasa ƙarfi. Kuma cibiyoyin da suka ba su takardun ba a ɓoye suke ba, da rajistar hukumar suka yi ta cin kasuwarsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake saurin cewa duk wanda ya karɓi takarda ba tare da horo ba ya san abin da ya yi. Wasu sun sani, babu musu. Amma ma'aikacin da ya duba ya ga sunan cibiya a jerin waɗanda gwamnati ta amince da su, ya biya, aka ce masa ƙwarewar da ya samu a bakin aiki ta isa, ta ina zai gane ramin da aka gina masa? Shi ke asarar kuɗi da takarda, wani lokaci har da aikin da yake ci da iyali. Mai cibiyar kuwa ya riga ya kwashe riba.

Matsalar a jikin tsarin take. Jarabawar sana'a ba kamar ta lissafi ba ce da za a tara takardu a kai wa baƙo ya duba. Ana tsayawa ne a ga mutum yana walda, ko yana haɗa wayar lantarki, ko yana ɗaga majinyaci daga gado, sannan mai tantancewa ya sa hannu cewa ya gani da idonsa. Sa hannun nan shi ne komai. To a wurare da yawa mai sa hannun ma'aikacin cibiyar ne, albashinsa daga kuɗin ɗaliban yake fitowa, kuma cibiyar ta san idan ta yi suna wajen kayar da mutane, gobe wurin maƙwabciyarta za su nufa. An ba kura ajiyar nama, sannan ana mamaki.

A 2023 wani ɗan jaridar BBC ya ɓad da kama ya shiga kwasa-kwasan masu gadi a Birtaniya. Horon da doka ta ce a yi shi cikin kwana 6, da ya ƙara kuɗi aka taƙaita masa zuwa kwana ɗaya da rabi, aka sa shi cike takardar halarta kamar ya yi duka kwanakin, a wani wurin har amsoshi aka faɗa wa ɗalibai. Tun a 2015 tashar ta bankaɗo irin wannan a jarabawar kare lafiya da ake yi kafin a ba mutum katin shiga wuraren gini. A lura da takardar halartar nan: cike take tsaf, babu gurbi. Duk mai binciken da ya zo duba fayil zai koma da murna. Shi ya sa masu cewa a ƙara yawan takardun da cibiyoyi ke cikewa ba su san inda ciwon yake ba. Maguɗi ya fi kowa iya cike fom.

Sai kuma ƙofar da ake sulalewa ta cikinta. Dokokin hukumomi irin su Ofqual, mai sa ido kan jarabawa da takardun shaida a Ingila, sun wajabta wa masu bayar da takardun shaida su hana maguɗi da kuma sakacin gudanarwa, su bincika idan an yi zargi, su sanar da hukuma abin da ka iya cutar da ɗalibai. Raba biyun yana da ma'ana: magatakardan da ya rubuta suna ba daidai ba, ko ya makara wajen yi wa ɗalibi rajista, ba ɗaya yake da wanda ya sayar da amsoshi ba. Amma da zarar an kama cibiya, sai komai ya koma "kuskuren aiki". Fayil ɗin ɗalibai sun ɓace, mai tantancewa ya sa hannu a ranar da ba ya gari, an nemi takarda ga wanda bai gama ba, duk wai ajizanci ne. Kuskuren da kullum yake faɗawa ta ɓangaren da ke kawo kuɗi, kuma yake maimaituwa bayan an yi gargaɗi, maguɗi ne, kuma da hukuncin maguɗi ya dace. Abin takaici, wanda ake sa wa ya fara binciken sau da yawa shugaban cibiyar ne, ko kamfanin bayar da takardu da ke karɓar kuɗi kan kowane ɗalibin da cibiyar ta kawo masa.

Za a ce kawo masu jarabawa daga waje yana da tsada. A je a tambayi iyayen da aka bar wa mai reno mai takardar bogi yadda arahar ta kasance.

Ba sabon abu nake nema ba. A Jamus, ƙarƙashin dokar koyon sana'a da aka fara kafawa a 1969, majalisun 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu ne ke shirya jarabawar ƙarshe, kwamitin kuma ya haɗa wakilan masu ɗaukar aiki da na ma'aikata da malaman makarantun sana'a. A raba mai koyarwa da mai yanke hukunci. Masu bincike su riƙa dirar wa cibiyoyi babu sanarwa, su ɗauko ɗalibin da aka ce ya ci su miƙa masa kayan aiki. A kare malamin da ya tona asiri daga kora. Idan an soke takarda, a sake gwada mai ita kyauta da kuɗin cibiyar, mai cibiyar kuma haramcin ya bi sunansa shi kansa, yadda ba zai sauya allon ƙofa ya dawo da sabon kamfani ba.