Ba yawan dashe ba, nawa suka rayu?

Wani labari ya ce dashen itatuwa a Katsina zai rage iskar kabon, amma ya tsaya a adadin tsiron da aka raba. Jama'a, tsiro a leda bai shanye komai ba tukuna. Kusan rabin nauyin busasshen icce kabon ne, kuma kilo 1 na kabon daidai yake da kilo 3.67 na iskar kabon, wato kabon dayoksaid. Ke nan gawon da busasshen iccensa ya kai tan 1 ya kulle kusan tan 1.8 na wannan iska. Ranar da aka mai da shi gawayi aka ƙona, iskar ta koma inda ta fito.

Abin da ke kashe dashe a nan sananne ne: a jira sai Satumba, damina na bankwana, saiwa ba ta kama ba, rani ya shigo, awaki su ƙarasa. A dasa a Yuli, a yage ledar, a kewaye da ƙaya.

Mafi arha ma shi ne abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi. Lokacin sassabe ba a tumɓuke kututturen kalgo ko sabara. A zaɓi rassa 3 zuwa 5 masu ƙarfi, a datse sauran. Saiwarsu ta riga ta yi nisa, ba su neman ban ruwa.

Sai ƙasar gona, ita ma rumbun kabon ce. Karan da aka bari ya ruɓe da takin gida suna ƙara mata, banka wa gona wuta kuwa asara ce tsagwaronta.