Tsawon gadon lilo ake tambaya kafin faɗinsa

Wani bawan Allah da ya kwana sau ɗaya a daji cikin gadon lilo, wato ƙyallen da ake ratayewa tsakanin bishiyoyi biyu a kwanta a ciki, ya dawo ya cika mana kunne da cewa duk mai kwana a cikinsa yaudarar kansa yake yi, bai yi wa gadon adalci ba, kuma waɗanda suka yi ta jinjina masa sun fi shi ban haushi. Ga dai abin da ke cikin hoton kansa da ya nuna: mutum mai tsawon kusan ƙafa 6 ya dunƙule cikin ƙyallen da bai wuce ƙafa 9 ba, kai a sama, diddige a sama, ƙugu a ƙasa, sannan yana mamakin abin da ya ƙage masa baya. Hujjarsa kuwa ita ce wai mai faɗi ya saya, na mutum biyu, don haka ba za a ce ya yi ƙwauro ba. Madalla da wannan hangen nesa!

Jama'a, tsawo ne ke kawo daɗin kwanciya a gadon lilo, faɗi biye yake. Irin gadon da yawancin masu kwanan daji ke ɗauka ƙyalle ne guda da aka tattare bakinsa biyu aka ɗaure, kuma ba a kwanciya a cikinsa a miƙe daga ɗauri zuwa ɗauri. A karkace ake kwanciya, kai ya nufi gefe ɗaya, ƙafafu su nufi ɗaya gefen, kamar yadda mutanen arewacin Brazil da na yankin Yukatan a Meziko suke yi, su da suke kwana a cikinsa kullum a ɗakunansu. Wannan karkacewar ce ke sa ƙyallen ya baje a ƙarƙashin jiki har baya ya kusa miƙewa. To amma wuraren da aka tattare a kai da ƙafa suna cinye wani kaso na ƙyallen, ba a iya kwanciya a kansu, saboda haka idan gadon gajere ne, filin da ya rage a tsakiya ba zai ɗauki dogon mutum ba. Daga nan ne kafaɗu ke matsewa, kuma wata jijiyar ƙyalle mai tauri ta taso a ƙarƙashin sha-raɓa ta hana mutum runtsawa.

Masu sayarwa sun san cewa ido faɗi yake gani, shi ya sa suke buga "na mutum biyu" da manyan haruffa su ɓoye tsawon a lungun kwali, wasu ma su haɗa da igiyoyi da ƙugiyoyi a cikin awon don lambar ta yi girma. Yawancin yadin nailan da ake ɗinka gadon da shi yana fitowa ne da faɗin kusan inci 60, wato santimita 152, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fi haka faɗi an jona musu ƙyalle ne a gefe da gefe. Sakamakon shi ne ɗinki ya ratsa ƙarƙashin kafaɗa ko diddige, ragowar ƙyallen kuma ya yi ta lilo yana rufe fuska. Na yarda cewa gadon da faɗinsa bai kai ƙafa 4 ba zai takura kowa, amma daga ƙafa 5 zuwa sama ƙarin faɗi ba ya gyara gajarta ko kaɗan. Batun mutum biyu kuwa, a zauna a yi hira babu laifi, amma duk biyun da suka gwada barci a ciki sun san cewa tsakiya suke gangarowa su danne juna har gari ya waye.

A ra'ayina, wanda bai kai ƙafa 5 da rabi ba ƙafa 10 za ta wadace shi, matsakaici da dogo su nemi ƙafa 11, wato kusan mita 3.35, wanda ya zarce ƙafa 6 sosai kuma ya duba mai ƙafa 12. Wani zai ce ai nauyi zai ƙaru a jaka. Ƙarin ƙafa 2 na siririn nailan bai kai nauyin wayar da ke aljihunsa ba, don haka a bar wannan zancen. Wani kuma zai ce dogon gado sai an sami bishiyoyi masu nisa da juna. Shi ma ba haka ba ne, domin ba a miƙe ake rataye shi ba: ƙa'idar da masu harkar suka saba bi ita ce tazarar da ke tsakanin bakunan ƙyallen biyu da aka tattare ta zama kusan kashi 83 cikin 100 na tsawon ƙyallen, don haka mai ƙafa 11 ba ya cin fiye da kusan inci 110, kuma bishiyoyin da ke da tazarar ƙafa 12 zuwa 15 sun ishe shi.

Abin da ya fi damuna da gaske shi ne dabarar da masu gajeren gado ke komawa gare ta, wato su ja igiya ta yi tauri don gadon ya miƙe. Wannan yana ƙara matse kafaɗu, kuma yana da haɗari. Idan igiyar ta sauko daga bishiya a kusurwar digiri 30 daga layin kwance, kowane ɓangare yana ɗaukar nauyi daidai da na jikin mai kwanciya, amma idan aka ja ta har kusurwar ta koma digiri 5, nauyin kan kowace igiya ya ninka fiye da sau 5, mutum mai kilo 70 ya ɗora mata kusan kilo 400. Wanda ya wuni yana tafiya da kaya a baya, ƙafafunsa sun yi tsami, barci mai nauyi yake bukata, kuma ina jin takaici ƙwarai in ga an kore shi daga abu mai amfani saboda kawai bai auna ƙyalle ba kafin ya biya. Ku tambayi tsawon ƙyallen shi kaɗai, ban da igiya, sannan ku zo kan faɗi.

Kuma tun da muna kan hoton nan, na lura da siririyar igiya ya ɗaure bishiyar, har ta nutse cikin ɓawonta. Ɓawon nan ta ƙarƙashinsa abincin bishiya ke bi, kuma raunin da igiya ta yi masa ba ya warkewa da wuri. Ɗamara mai faɗin aƙalla inci 1 ake naɗawa, kuma kafin a ɗaura a ɗaga kai a duba ko akwai busasshen reshe a sama.