Farfesa na Turanci, Mai Lasifika na Hausa

Ba haka kawai mutanen Kano suke ɗari-ɗari da masana ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, kuma sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Amma tsoron ya jawo tasa asarar. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda jita-jitar an zuba masa maganin hana haihuwa. Kafin a dawo da shi a 2004, da maganin da aka samo daga Indonesiya, cutar ta tsallaka ƙasashen da tuni suka rabu da ita. Masu baza zancen ba su ɗauki ɗawainiyar yaro ko ɗaya da ƙafarsa ta shanye ba.

Laifin masana shi ne raina tambaya. Magidanci a Kurna ya ce, "Me ya sa kullum kuke bin mu gida da ɗigo kyauta, amma maganin zazzaɓi sai mun saya?" Wannan ba jahilci ba ne, kuma rabin tambayar na da amsa a hannu: ɗigo biyu sau ɗaya ba ya isa, musamman ga yaro mai yawan gudawa, don maganin ba ya kama hanjinsa sosai, shi ya sa ake maimaitawa. Ɗaya rabin na gwamnati ne, gara a faɗa masa haka ƙiri-ƙiri.

Akwai ma abin da uba zai duba da idonsa. A jikin kwalbar ɗigon akwai da'ira, cikinta ɗan murabba'i mai haske. Zafi na sa murabba'in ya yi duhu. Idan ya kai launin da'irar, maganin ya lalace, zubarwa ake yi. Minti ɗaya ya ishi ma'aikaciya ta fito da kwalbar daga akwatin ƙanƙara ta nuna wa maigida a zaure. Sau da yawa ba a yi, sai a shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, a rubuta alli a bango, a wuce gida na gaba. Shi kuwa mai tallan maganin basir da lasifika a bakin Kasuwar Kurmi, awa guda zai yi yana bayani da Hausa tsantsa.